Bindiga ƙirar bulfof

Bulfof, wadda ake rubutawa bullpup da Turanci, wata ƙira ce ta bindiga wadda ake ajiye gidan harsasai da sakata da mazaunin harsashi a bayan kunama, cikin gindin bindigar, maimakon a gaban kunama kamar yadda aka saba gani a AK-47 ko G3. Manufar wannan ƙira ita ce a rage tsawon bindigar ba tare da an rage tsawon bututunta ba. Fitattun bindigogin soja masu wannan ƙira sun haɗa da Steyr AUG ta Ostiriya, da FAMAS ta Faransa, da SA80 ta Birtaniya, da QBZ-95 ta Sin, da kuma Tavor ta Isra'ila, wadda ita ce aka fi gani a Najeriya a hannun jami'an hukumar tsaro ta farin kaya, wato DSS. Tun daga shekarun 1970 da aka fara raba irin waɗannan bindigogi ga sojoji da yawa, ake muhawara a kan ko gajartar tasu ta kai a jure wa matsalolin da ke tattare da ita. Har yau ba a daidaita ba: wasu ƙasashe sun riƙe ta, wasu kuma sun koma tsohuwar ƙira.

Asalin suna

Kalmar ta samo asali ne daga Amurka, inda masu gyaran bindigogin farauta da na gasar harbi suka riƙa amfani da ita tun shekarun 1930. Ma'anarta ta farko ita ce ɗan kwikwiyon wani irin kare na Ingila mai gajeren jiki da faɗin ƙirji, wanda ba shi da kyan gani amma yana da ƙarfi da faɗa. Da wannan aka kwatanta bindigar: gajeriya, dunƙulalliya, amma harbinta bai ragu ba.

Hausa ba ta da tsayayyen suna ga wannan ƙira, don haka aka ari kalmar aka daidaita ta da lafazin Hausa. Ba sabon abu ba ne a wannan fanni. Ita kanta kalmar bindiga daga Larabci aka aro ta, haka ma harsashi da albarushi. Kunama kuwa tamu ce, siffar ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da harbin da yake jawowa ne suka sa aka ba shi sunan kunamar da muka sani.

Yadda tsarinta yake

A bindiga ta gargajiya, idan aka faro daga kafaɗar mai harbi, za a fara da gindi, wanda galibi katako ne ko roba kuma ba ya wani aiki sai na jingina, sannan mariƙi da kunama, sannan gidan harsasai da sakata, sannan bututu. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon bindigar fanko ne. Masu ƙirar bulfof sai suka tura sakata da gidan harsasai zuwa cikin wannan wuri, suka matsar da mariƙi da kunama zuwa gaba, ƙarƙashin bututu. Tun da kunama ta yi nisa da abin da take sakewa, sai a haɗa su da wani dogon siririn ƙarfe da ke bi ta gefen gidan harsasai. Kusan duk wani alheri da duk wata matsala ta bulfof daga wannan sauyin wuri guda suka taso.

Dalilin da ya sa ake damuwa da tsawon bututu shi ne, idan albarushi ya kama wuta, iskar da ya haifar ce ke tura harsashi, kuma tana ci gaba da tura shi ne muddin yana cikin bututun. Idan bututun ya yi gajarta, harsashi zai fita kafin albarushin ya gama aikinsa, sai gudunsa ya ragu, ƙara da walƙiyar bakin bindiga su ƙaru. Wanda ya taɓa ganin dogayen bindigogin toka na fada a hawan Sallah a Katsina ko Daura ya ga wannan tsohuwar hikima a aikace, ko da yake albarushin da da na yanzu ba ɗaya ba ne.

Tarihi

Tunanin ya girmi sunan. A 1866 wani Bature ɗan Birtaniya, William Joseph Curtis, ya yi rajistar wata bindiga da ke da ma'ajin harsasai a bayan kunama. A 1901, lokacin yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, James Baird Thorneycroft ya fito da wata bindiga mai amfani da harsashi ɗaya da Lee-Enfield ta sojan Birtaniya amma ta gaza ta tsawo da kimanin santimita 19. An gwada ta, ba a karɓe ta ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka dawo kan batun da gaske. A Tarayyar Sobiyet, German Korobov ya shiga gasar 1946 da wata bulfof mai suna TKB-408, gasar da a ƙarshe ta haifar da AK-47. A Birtaniya kuma masana'antar Enfield ta ƙera EM-2, wadda tsawonta milimita 889 ne amma bututunta ya kai milimita 623, kuma an ɗora mata madubin saiti. Gwamnatin Birtaniya ta amince da ita a matsayin bindigar soja a 1951. Sai dai Amurka ta ƙi yarda da ƙaramin harsashin da take amfani da shi, kuma da Winston Churchill ya dawo mulki a ƙarshen wannan shekara sai ya soke shawarar domin ƙasashen NATO su yi amfani da harsashi iri ɗaya. Birtaniya ta koma ga FN FAL ta Beljiyam, doguwar bindigar da sojan Najeriya ma suka daɗe suna riƙewa.

Ostiriya ce ta fara nuna cewa ƙirar za ta iya aiki a hannun sojoji da yawa. A 1977 ta karɓi Steyr AUG, bindiga mai jikin roba da madubin saiti a manne. Faransa ta biyo baya da FAMAS a 1978, wadda sojojinta suka yi wa laƙabi da begila saboda siffarta. Birtaniya ta fara raba SA80 a 1985. Sin ta fara nuna QBZ-95 a bainar jama'a a 1997, a hannun sojojin da suka karɓi Hong Kong. Singafo ta fito da SAR 21 a 1999, Isra'ila kuma ta fara aikin Tavor a tsakiyar shekarun 1990, ta zaɓi ƙaramin samfurinta mai suna X95 a 2009 a matsayin bindigar sojan ƙasa. A Afirka, kamfanin Vektor na Afirka ta Kudu ya ƙera CR-21 a 1997, amma sojan ƙasar ba su saya ba.

Amfaninta

Babban amfaninta shi ne gajarta, kuma alƙaluma sun fi bayani. M16A2 ta Amurka da Steyr AUG duk bututunsu milimita 508 ne, amma M16A2 ta kai kusan mita ɗaya a tsawo, AUG kuwa milimita 790. Tavor TAR-21 tana da tsawon kimanin milimita 720 da bututu mai kimanin milimita 460. AK-47 tana da tsawon milimita 880 da bututu mai milimita 415. Ke nan Tavor ta gaza AK-47 tsawo da santimita 16, amma bututunta ya fi na AK-47 tsawo da kusan santimita 5. Idan aka kwatanta da FN FAL mai tsawon kusan milimita 1,090, ko G3 mai milimita 1,025, bambancin ya haura santimita 30.

Wannan ya fi muhimmanci ga harsashin 5.56 na NATO, wanda ƙarami ne, marar nauyi, kuma gudunsa ne ƙarfinsa. Daga bututu mai milimita 508 yana fita da gudun kimanin mita 940 a daƙiƙa ɗaya. Daga M4 ta Amurka, wadda aka rage bututunta zuwa milimita 368 don ta gajarce, gudun yana sauka zuwa mita 880 ko 900. Mai bulfof yana samun gajartar M4 da gudun M16 a bindiga ɗaya, harsashinsa ya fi tafiya a miƙe, ya fi nisa, ya fi huda abin da ya tarar.

Ba daidaituwa ba ce cewa ƙirar ta yi tashe a shekarun 1970. A lokacin ne sojojin Turai suka koma tafiya cikin motoci masu sulke da jirage masu saukar ungulu, inda mutum takwas ko goma ke cunkushe da kayansu a ɗan wuri. Doguwar bindiga tana sarƙewa a ƙofa, tana zungurar na kusa, tana hana fita da sauri. Haka abin yake a yaƙin cikin gari, a lungu, a kan matakala, ko wajen shiga ɗaki. A da, ƙasashe da yawa sukan ba sojan ƙasa doguwar bindiga, su ba direbobi da masu gadi wata ƙarama mai harsashin fistol. Faransa ta maye gurbin duka biyun da FAMAS, Birtaniya ma ta yi haka da SA80, abin da ya rage yawan nau'in harsasai da kayan gyara da ake ajiyewa.

Akwai kuma batun inda nauyi ya zauna. Tun da sakata da harsasai suna kusa da kafaɗa, nauyin bindigar yana kan mariƙi ko bayansa. Wannan yana sa hannun gaba bai cika gajiya ba idan an daɗe a tsaye da bindiga a saite, kuma ana iya riƙe ta da hannu ɗaya na ɗan lokaci a buɗe ƙofa, ko a riƙe oba-oba, ko a ja wanda ya ji rauni. Ga mai gadin manya, wanda hannunsa ɗaya kullum yana da aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bakin bindigar ma ba ya yin nisa da jiki, don haka da wuya wani ya cafke shi a cikin cunkoso.

Masu sukar ƙirar sukan ce ai ana iya samun gajarta ta hanyar naɗe gindi, kamar AK mai gindin ƙarfe wadda ke komawa kimanin santimita 65 idan an naɗe ta. Gaskiya ne, amma bindigar da aka naɗe gindinta ba a iya saita ta yadda ya kamata sai an sake buɗewa. Bulfof a gajarcenta ake harba ta.

Matsalolinta

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce ta wurin fitar kwanso. Duk bindiga mai sarrafa kanta tana tofar da kwanson harsashi mai zafi bayan kowane harbi, galibi ta gefen dama. A bindiga ta gargajiya wannan ƙofa tana gaban fuskar mai harbi, don haka ko ta wace kafaɗa ya harba ba abin da zai same shi. A bulfof kuwa ƙofar tana daidai kumatu. Idan aka ɗora ta a kafaɗar hagu, kwanson zai bugi mutum a baki ko a haɓa. A SA80 abin ya fi haka muni, domin hannun ɗana bindigar yana manne da sakata, yana kai da komo da kowane harbi, yana iya fasa wa mutum leɓe ko haƙori. Shi ya sa sojan Birtaniya ke koya wa kowa harbi da dama, bahago ne ko ba bahago ba.

Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. A ƙasar Hausa, inda ake hana yaro ci ko miƙa abu da hagu tun yana ƙarami, ana iya zaton matsalar ba za ta taso ba, amma tarbiyya tana gyara hannu ne, ba ta canza idon da mutum ya fi gani da shi, kuma da ido ake saiti. Ban da haka, ko wanda ba bahago ba yana buƙatar sauya kafaɗa wani lokaci. Sojan da ya laɓe a bango yana son leƙawa ta kusurwar hagu, idan ba zai iya mayar da bindiga kafaɗar hagu ba, dole ya fito da rabin jikinsa fili kafin bakin bindigar ya ga abokin gaba. Abin lura a nan shi ne, a yaƙin cikin gari, inda gajartar bulfof ta fi amfani, a nan ne kuma wannan matsala ta fi ciwo.

An yi ƙoƙarin magance ta ta hanyoyi daban-daban. A AUG da FAMAS da Tavor ana iya juya wurin fitar kwanso zuwa hagu, amma sai an kwance bindigar, a AUG da Tavor ma sai an sa wata sakata dabam. Wannan yana taimakon bahago, amma ba ya taimakon wanda ke son sauya kafaɗa a tsakiyar faɗa, kuma bindigar da aka juya ta zama haɗari ga duk wanda ya ɗauke ta bai sani ba. Kamfanin FN na Beljiyam ya fito da F2000 a 2001, wadda ke tura kwanso ta wani bututu ya faɗo ta gaba. Wasu kuma, kamar RDB ta kamfanin Kel-Tec, ta ƙasa suke zubar da shi. Waɗannan dabaru suna aiki, sai dai suna ƙara yawan sassa, kuma suna rufe mazaunin harsashi ta yadda idan bindiga ta cije da wuya a ga abin da ya maƙale.

Ta biyu ita ce canjin gidan harsasai. A AK ko M16 gidan yana gaban idon mai harbi, yana ganinsa yana ganin inda yake saiti. A bulfof yana kusa da hammata, sai mutum ya lanƙwasa hannu baya, wani lokaci ya kawar da ido daga gabansa. Idan yana kwance rub da ciki, ko yana sanye da rigar sulke mai aljihunan harsasai a ƙirji, abin ya ƙara wuya. Horo yana rage wannan sosai, kuma sojan da ya fara da bulfof tun daga ranar farko ba ya jin wani baƙon abu. Waɗanda suka fi kuka su ne waɗanda hannunsu ya riga ya saba da tsohuwar ƙira. Masu X95 sun lura da haka, suka dawo da maɓallin sakin gidan harsasai kusa da kunama, inda ɗan yatsan wanda ya saba da M16 zai neme shi.

Ta uku ita ce kunama. Dogon ƙarfen da ya haɗa ta da bayan bindiga yana ɗan lanƙwasa, yana goga, don haka kunamar takan yi nauyi da laushi, mai harbi ba ya jin daidai lokacin da za ta saki. Ga harbin kusa ba wani abu ba ne, amma ga mai son samun abu a mita 400 ko 500, motsi kaɗan a lokacin jan kunama yana kautar da harsashi. Wato wani ɓangare na ribar da dogon bututu ya kawo, kunama tana cinye shi. Sababbin samfura sun fi na da kyau a wannan fanni.

Sai kusancin fuska da inda wuta ke tashi. Kumatun mai harbi yana kwance ne a kan mazaunin harsashi, kunnensa kuma ya fi kusa da bakin bindiga, don haka ƙara ta fi shigarsa, hayaƙi ma ya fi zuwa idonsa, musamman idan an ɗaura abin rage ƙara. Idan aka yi rashin sa'a harsashi marar kyau ya fashe a ciki, fuska ce a wurin. Irin wannan haɗari ba ya yawan faruwa, amma masu SAR 21 sun ɗauke shi da muhimmanci har suka sa wani faranti mai ƙarfi a inda kumatu ke kwanciya.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Yawancin bulfof ba a iya ƙara ko rage tsawon gindinsu, tun da cike yake da kayan aiki, don haka dogo da gajere, mai rigar sulke da marar ita, duk awo ɗaya suke samu. Tazarar da ke tsakanin abin saiti na gaba da na baya ta gajarce, abin da ke rage daidaiton saitin ƙarfe, shi ya sa kusan dukkansu da madubi suke zuwa, madubi kuma kuɗi ne. Wurin ɗaura tocila ko abin harba gurneti a gaba ya yi kaɗan. Banati, wato wuƙar da ake sawa a bakin bindiga, ba ta kai nisa. Hatta faretin soja sai da Birtaniya ta sake wa tsari, domin SA80 ba ta kai a dogara gindinta a ƙasa kamar tsofaffin bindigogi ba.

Ya kamata a bambanta matsalar ƙira da matsalar ƙera. SA80 ta farko ta yi ƙaurin suna a yaƙin Tekun Fasha na 1991: yashi yana sa ta cijewa, robobinta suna karyewa, maɓallin gidan harsasai yana gogar jikin soja ya saki gidan ya faɗi. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan ƙirar bulfof, alhali AUG da FAMAS ba su yi irin wannan suna ba. Daga shekarar 2000 aka ba kamfanin Heckler & Koch na Jamus aikin gyara kimanin guda 200,000, aka canza sassan ciki da yawa, kuma samfurin da ya fito, L85A2, ya samu yabo a Afganistan da Iraƙi. Abin da gyaran bai taɓa ba shi ne nauyinta, wanda ya kusa kilo 5 da madubi da harsasai, da kuma rashin harbuwa ta hagu.

Waɗanda suka bari da waɗanda suka riƙe

A shekarun baya-bayan nan manyan ƙasashe uku sun bar ƙirar. Niyu Zilan ta ajiye AUG ta koma wata bindiga mai tsarin M16. Faransa ta zaɓi HK416 ta Jamus a 2016, ta fara raba ta a 2017. Sin ta nuna QBZ-191, mai tsohuwar ƙira, a faretin 1 ga Oktoba 2019. A Amurka, wadda ba ta taɓa ba sojojinta bulfof ba, wata bulfof mai suna RM277 ta kai matakin ƙarshe a gasar neman sabuwar bindiga, amma a 2022 aka zaɓi ta kamfanin SIG Sauer.

Ba duka ne saboda ƙirar kanta ba. Masana'antar garin Saint-Étienne da ke ƙera FAMAS ta riga ta rufe tun farkon shekarun 2000, bindigogin sun tsufa, ba mai yin sababbi. Amma akwai dalilin da ya shafi ƙirar kai tsaye: sojan yau yana sanye da sulke, yana ɗora wa bindiga madubi da tocila da na'urar gani da dare, don haka yana son gindi mai matsawa da dogon wurin ɗaura kaya, kuma tsarin M16 ya fi ba da waɗannan. An kuma inganta harsasai ta yadda gajeren bututu ba ya asarar da yake yi a da. A ɗaya ɓangaren, Ostiriya da Ayalan da Singafo suna nan da nasu, Ostareliya ta sabunta AUG ɗinta zuwa EF88 maimakon ta bar ta, Birtaniya ta fito da L85A3 a 2018, Kuroshiya kuma tana ƙera VHS-2 tana sayarwa. Isra'ila tana amfani da X95 da M4 a lokaci guda, gwargwadon runduna.

A Najeriya da Nijar

Bindigar da sojan ƙasa da 'yan sandan Najeriya suka fi riƙewa ita ce AK da danginta, bayan shekaru da aka yi ana amfani da FN FAL da G3. Masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, tsohuwar ƙira take yi, ciki har da OBJ-006, wadda kwafin AK-47 ce. Ko da aka sayo sababbin bindigogi ƙirar Beryl daga Foland a tsakiyar shekarun 2010, an zaɓi samfurin da ke cin harsashin AK ne.

Bulfof a Najeriya kusan a ce Tavor ce, kuma an fi saninta da jami'an DSS masu rakiyar shugaban ƙasa da gwamnoni da manyan baƙi. Mutane da yawa sun fara lura da ita ne a hotunan ranar 7 ga Agusta 2018, lokacin da jami'an hukumar, fuskokinsu a rufe, suka tare ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja, lamarin da ya sa muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sauke shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar.

Wannan rabon aiki yana da ma'ana idan aka dubi abin da ya gabata. Mai gadin gwamna yana yini ne tsakanin shiga mota da fita, da ratsa taron jama'a, da tsayuwa a bakin ƙofa. Gajarta da riƙo da hannu ɗaya su ne buƙatarsa, kuma 'yan kaɗan ne, ana iya ba su horo na musamman da harsashin 5.56 nasu dabam. Sojan da ke sintiri a dajin Rugu ko kan iyakar Jibiya lissafinsa daban ne. Yana buƙatar bindigar da ƙurar hunturu ba ta dame ta ba, wadda kowane makanikin bariki ya san cikinta, wadda harsashinta da gidan harsasanta suke a kowane sansani. A fili ko a daji santimita 16 ba ta canza komai sosai, ko da yake wanda ke kan babur ko a bayan a-kori-kura zai ji daɗin gajeriyar bindiga. Sauya wa runduna guda bindiga kuwa yana nufin sauya harsasai da kayan gyara da littattafan horo gaba ɗaya, kuma wannan tsadar, fiye da kowace muhawara a kan kunama ko kwanso, ita ce ke sa yawancin ƙasashen yankin ba sa motsawa daga AK.

A Nijar da Mali, bulfof ɗin da aka fi sani ita ce FAMAS, a hannun sojojin Faransa. Da ita suka shiga Mali a Janairun 2013, da ita kuma aka gan su a Yamai a farkon rundunar Barkhane daga 2014, kafin HK416 ta riƙa maye gurbinta sannu a hankali. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a Disamban 2023.

A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, bindigogin soja suna cikin rukunin da aka haramta wa farar hula mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Dokar ba ta ware bulfof dabam ba, don haka hukuncin Tavor da AK-47 ɗaya ne a wurinta.